Gadin Madubi a Bikin 'Yar Yayana

Na halarci bukukuwa ba iyaka a rayuwata. Wasu na manta wa aka aurar, wasu na manta ma garin da aka yi su. Amma bikin 'yar yayana da aka yi a Shagari, ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ina jin shi ne zai fita a ƙarshe. Ba kiɗan ne ya zauna mini ba, ba kuma abincin ba. Wasu 'yan madubai ne da ba su kai tafin hannuna ba, da yinin da na yi ina kai da kawo a kansu kamar wadda ta bar tukunya a wuta a wani gari.

Ɗana na ƙarshe, wanda har yau muke ce wa Auta duk da ya tara gemu da iyali, sana'arsa kai lasifika da fitilu gidajen biki. A Bodinga muke zaune, ƙofar ɗakina na kallon ɗakin da yake tara kayansa, don haka babu abin da ke shiga ko fita ban gani ba. Mutane na cewa na cika sa ido. Ban taɓa musa musu ba. Wata rana ya shigo da wani baƙin akwatin ƙarfe ya rungume shi kamar jariri, ya ce sunansa lesa. Da aka idar da Magariba ya kunna shi a tsakar gida, ya sa matarsa ta kawo kaskon turaren wuta. Sai ga wani siririn haske kore ya miƙe cikin hayaƙin, sambal, bai bazu kamar na tocila ba, kai ka ce zare aka ja daga bakin akwatin zuwa bango. Matarsa da 'ya'yansa suna ta murna. Ni kuwa tambayar da nake yi wa kowane sabon abu ita na yi masa: mece ce illarsa?

Bai ɓoye mini ba. Ya ce idan zaren nan ya shiga ido kai tsaye yana iya ƙona wani wuri can ciki, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Ya ce shi ya sa ba a taɓa barinsa ya sauko daidai fuskar mutane, can sama da kawuna ake ratsa shi. Yana faɗi yana murmushi don in kwantar da hankali. Ban kwantar ba. Mutum ya rasa ido a hannun ɗana, a gidan da aka kira shi don farin ciki, wannan tunanin ne ya shigo ƙirjina ya shimfiɗa tabarma.

Ana haka sai aka sa ranar 'yar yayana. Ita da Auta taubasai ne, ɗan mace da 'yar namiji, tun suna ƙanana ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ta ga irin wannan haske a bikin wata ƙawarta a Sakkwato, sai ta kira shi a waya, ina zaune ina ji. Ta ce in ya iya ya zo ya yi mata, in kuma akwatin nasa na ajiyar goro ne ya faɗa mata tun da wuri ta nemi gwani. Ya ce zai yi mata abin da zai sa angon ya manta da ita ya tsaya kallon sama. Suka yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Akwatin yana iya wasa da zaren, ya raba shi, ya kaɗa shi, amma gabansa kawai yake kaiwa. In ana so hasken ya zagaye fili, ya gitta nan ya gitta can kamar yadda masaƙi ke jan zare tsakanin turaku, sai an kafa madubai a wurare, wannan ya cafe ya jefa wa wancan. Kowane madubi kuwa sai an ɗora shi a kan mariƙi, wani ɗan ƙarfe da ke kama shi a jikin bango ko itace, a karkata shi yadda ake so. Auta yana da madubai, mariƙan ne ba shi da su. Ya tafi Sakkwato, wani mai shago da suka saba ya ba shi iri uku ya zo gida ya gwada kafin ya zaɓa.

Ina tsintar wake a inuwa ya zo ya baje su a tabarma kusa da ni. Na farko mataccen ƙarfe ne, sai an tanƙwara shi da ƙarfi, inda ya tsaya nan ya tsaya. Bai daɗe a hannunsa ba ya ture shi gefe, ya ce da wannan sai mutum ya kwana bai saita komai ba. Na biyu yana da wuya mai dunƙule kamar gaɓar ƙashi, yana juyawa ko'ina da hannu, in an samu inda ake so sai a murɗa wani ɗan kunne ya ɗaure. Ba nauyi, ba wahala, ko ni da na taɓa shi na ji daɗinsa a yatsa. Na uku nauyi gare shi. A bayansa akwai 'yan notina biyu, ɗaya na ɗaga madubin sama ko ƙasa, ɗaya na kai shi dama ko hagu, kaɗan-kaɗan kamar tafiyar hawainiya. In an gama sai a kulle shi da wani ɗan makulli mai lanƙwasa. Da ya kulle ya miƙo mini ya ce in gwada ƙarfina. Na murɗa har jijiyar hannuna ta tashi, ko gezau.

Da yamma ta yi ya kunna akwatin a mafi ƙarancin ƙarfinsa, ya ce in zuba ido a bangon can ƙarshen gida inda ɗigon hasken ya sauka. Ya taɓa noti ɗaya, taɓawar da ni ban ma ga yatsansa ya motsa ba. Ɗigon ya tashi daga gefen ƙofar madafa ya haye can saman katanga. Na ce ya sake. Ya sake, ɗigon ya dawo. Ya ce haka abin yake, motsin da bai kai kaurin gashi ba a wurin madubi, can nesa ya zama kamu guda ko fiye. Wannan na riƙe shi da kyau, don ni abin da idona ya gani ba ya ɓace mini.

Ya daɗe bai yanke shawara ba. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya auna a tafin hannu. Ya kunna lasifika da ƙarfi ya jingina su a jikinta, don ya ga ko rugugin kiɗa zai sassauta su. Ya rataye su a darbejiyar ƙofar gida ranar da ake iska. Mai nauyin bai taɓa motsi ba. Mai kunnen ma, in an ɗaure shi tamau, yana tsayawa, sai dai in hannu ya kama madubin ya murɗa da gangan. Matsalar mai nauyin ita ce cin lokaci, ga shi Auta shi kaɗai ke aikinsa. A ƙarshe ya raba abin biyu. Madubai na sama, waɗanda sai da tsani, zai ɗora su a kan masu makulli, don ba ya son hawa sau biyu. Biyu na ƙasa, waɗanda ke kusa da akwatin suna karɓar zaren su jefa shi sama, zai ba su masu kunne, tunda suna gabansa, ko sun goce zai gyara nan take.

Na tambaye shi yara fa? Ya ce zai ɗaga su inda hannun yaro ba ya kai, kuma zai ja igiya ya killace wurin. Na ce awaki? Ya ce akuyar da za ta kai nan sai ta yi fiffike. Na ce iska? Ya ce na ga gwajin da idona. Mun yi tunanin yara, mun yi tunanin dabbobi, mun yi tunanin iska da rugugin kiɗa. Manyan mata masu hankalinsu, waɗannan ba su zo mana a rai ba, ni da shi duka.

Muka isa Shagari ana gobe ɗaurin aure. Yayana mutum ne mai shanu da faɗa a ji, gidansa a bakin gari yake, da tsakar gida mai faɗi da wata tsohuwar tsamiya a gefe. Da farko bai so abin ba, ya ce mu a zamaninmu da aci-bal-bal aka kai mu kuma auren ya zauna. Amma 'yarsa ta san hanyar zuciyarsa. Da ya yarda kuwa sai ya wuce kowa, ya riga ya gaya wa surukansa mutanen Dingyadi cewa za su ga abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan, kuma ɗan ƙanwarsa ne zai yi.

Bayan Magariba Auta ya sa aka fitar da kowa daga tsakar gida ya yi saitinsa. Ya hau tsamiya, ya hau katanga, ya sauko, ya sake hawa. Biyun na ƙasa ya kafa su a jikin ginshiƙan rumfar da ke gefen ɗakin matar yayana, sama kaɗan da kan babban mutum. Da ya gama ya sa wani dogon makiyayi daga cikin masu kula da shanun gidan ya ɗaga sandarsa sama ya zagaye filin kaf. Ko'ina zaren na can sama da kan sandar. Amarya na leƙe ta taga tana ce masa ashe biri ma ya yi sana'a. Ya ja igiyarsa ya killace rumfar, ya rufe akwatin da buhu. A ranar na ɗan samu barci.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne jere. Da hantsi 'yan jere suka kwashe kayan ɗakin amarya suka yi Dingyadi da su, gado, kwanuka, labule, har da babban madubin da ke jingine a ɗakin uwarta shekara da shekaru. Ashe na amarya ne, ita ta saya, duk gidan da shi ake ado. Aka wayi gari gida cike da mata, na Bodinga, na Mandera, na cikin gari, kowa da sabon ɗinki a jaka, babu madubi ko ɗaya. 'Yan mata ba ruwansu, suna duba fuskarsu a waya. Amma mace mai shekaru da ke son ta ga zaman ɗaurinta, waya ba ta isar ta.

Igiyar kuwa tun kafin Azahar ta tafi. Wani ya kawo tunkiya gudummawa, aka rasa abin ɗaure ta, aka waiga aka ga igiya a banza tana tare hanya.

Ina wajen tukwane ina sa ido a kan rabon tuwo, don in ba a tsaya ba wasu sai su ci sau uku wasu su kwana da yunwa. Bayan La'asar na zagayo da faranti a hannu, sai na hangi wata mata a ƙarƙashin rumfa, ƙanwar matar yayana ce, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa. Hannunta ɗaya na kan ɗaurinta, ɗayan ya kamo madubin Auta ya sunkuyar da shi yana kallon fuskarta. A bayanta wasu biyu na jira, ɗaya da kwalli a hannu. A ɗaya ginshiƙin ma wata na gyara jan baki.

Ban san lokacin da farantin ya bar hannuna ba. Na ce su saki, na faɗa da muryar da 'ya'yana suka sani. Suka juyo suna dariya, suna cewa yau kuma Hajiya da madubi take kishi. Ƙanwar matar yayana ta tura madubin sama da ɗan yatsa, ta karkata kai ta dube shi, ta ce, "Ga shi nan na maishe shi yadda yake. Mi na na abin faɗa?"

Maganar nan ta fi komai tayar mini da hankali. Na tuna ɗigon da ya tashi daga ƙofar madafa ya haye katanga ba tare da na ga yatsa ya motsa ba. Na tsaya a gaban madubin na dube shi ta nan, na dube shi ta can. A idona daidai yake. Amma na san idona ba shi ne ma'auni ba, kuma na san in na sa hannu na ƙara ɓata shi. Mata nawa suka riga su tun safe, wa ya sani?

Na shiga neman Auta. Aka ce ya tafi cikin gari sayen man janareta. Na sa aka kira mini wayarsa, sai ga ta tana ƙara a kan lasifika, ashe da ita ake sa waƙa. Na je bakin zaure na leƙa, maza ne cike a waje, ba wurin da mace irina za ta kutsa ba. Na dawo rumfa na kori wata da ta riga ta miƙa hannu. Na koma zaure. Na dawo. Na samu matar yayana na gaya mata, tana tsakiyar rigimar kayan gara, ta ce in bari, yaron ya san aikinsa, in ya zo zai duba. Aka kawo mini fura na ajiye ban sha ba. Duk inda na tsaya sai in ji kamar a ɗaya wurin ya kamata in kasance. Rana na ta sauka a bayan tsamiya, ni kuwa ina ta auna tsayin kujerun roba da aka jera a fili da tsayin fuskar wanda zai zauna a kai.

Na yi Magariba a gurguje, Allah ya yafe mini, rabin hankalina na rumfa. Ina sallamewa na ji hayaniya. Mutanen Dingyadi ne suka tashi da gaggawa. Sun ce motoci za su kama hanya yanzu, don a zamanin nan ba mai son duhu ya yi masa nisa a kan titi, balle da amarya. Ba wanda zai ga laifinsu. Kafin in gyara mayafina an fito da ita lulluɓe, an zaunar da ita a kujerar tsakiya, ƙawayenta sun jeru dama da hagu, mata sun cika filin har bakin rumfa. Janareta ya tashi. Sai ga Auta ya shigo da sauri yana share hannu a riga, yayana na biye da shi da manyan surukai biyu da aka shigo da su musamman don su gani.

Na san ƙa'idar Auta, ba ya kunnawa sai ya gwada fili ba kowa. Amma na ji yayana na ce masa ai jiya ya gwada, yanzu ba lokaci, ya kunna ko na ɗan taƙi ne mutane su gani su tafi. Na ga Auta ya yaye buhun. Na ga hannunsa ya nufi makunni.

Na ratsa mata na tsaya tsakaninsa da akwatin. Na ce, "Kada ka kunna. An taɓa madubban ga na ƙasa, duka biyu."

Yayana ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Tun muna yara ban taɓa tare maganarsa a gaban baƙi ba. Ya tambaya wa ya taɓa. Na juya na dubi matan. Wadda na gani da kwalli ta sunkuyar da kai tana gyara zane. Ƙanwar matar yayana ta ce ita dai wucewa ta yi. Cikin matan nan kaf ba a samu wadda ta taɓa madubi ba, har waɗanda na kora da bakina. Ban yi mamaki ba. Wace mace ce za ta tashi a gaban surukai ta ce ita ce ta yi ɗage tana duba jan bakinta?

Yayana ya rage murya ya ce, "Ke dai kin saba. Tun jiya kike neman abin da za ki hana. Matsa ki ba yaro wuri."

Ban matsa ba. Na faɗi nawa. Auta nake kallo. Ya zare wayarsa daga lasifika, waƙa ta yanke, filin ya yi tsit. Ya haska madubin farko. A gefensa ga shatin babban yatsa, fari da hoda. Ya haska na biyu, ya taɓa kunnen a hankali, ya ji ya saki. Yaron nan tun da ubansa ya rasu kawunsa ne ubansa, shi ya yi masa aure, shi ya raɗa wa 'ya'yansa suna. Ban taɓa jin ya ce masa a'a ba, ko a kan abin da bai kai wannan ba. Ga surukai a tsaye, ɗaya har ya ɗaga waya zai ɗauka. Na san in ya ce zai kunna, ƙarfina bai kai in hana shi ba.

Ya durƙusa a gaban kawunsa ya ce, "Kawu, ka gafarce ni. Ba ni kunna abin ga da mutane zaune. A fitar da kowa in gwada, sannan."

Yayana ya ce fitar da matan nan a dawo da su ai sai Isha ta wuce, baƙi kuwa ga su da ƙafa ɗaya a mota. Auta bai ɗago ba, ya ce to sai dai a yi haƙuri. Babban surukin ya yi gyaran murya ya ce ba komai, wata rana sa gani, ya mayar da wayarsa aljihu. Wannan ba komai ɗin ta fi zagi zafi a kunnen yayana, na gani a wuyansa. Ya juya ya fita bai dubi ɗayanmu ba.

Aka ɗaga amarya. Tana kuka irin na amare, amma da aka zo wucewa da ita ta gaban rumfa sai ta tsaya, ta ce daga cikin lulluɓi, muryar na rawa, "Taubashi, ashe dai na goro ne." Wasu suka yi dariya. Aka fita da ita, guɗa ta bi ta har ƙofar gida, motoci suka tashi. Hasken da aka shirya dominta, ta tafi ba ta gan shi ba.

Rabin matan sun bi rakiya. Sauran Auta ya roƙe su su shiga ɗakuna, wannan karon ba wadda ta yi gardama, sai gunaguni. Ya hana a taɓa kujerun. Ya hura hayaƙinsa, ya rage ƙarfin akwatin har ƙasa, ya ce ni da matar yayana mu tsaya a bayansa. Ya kunna.

Zare ɗaya ya tashi sama, ya kuskure madubin tsamiya, ya ɓace cikin ganye. Ɗayan bai tashi ba sam. Ya fito daga rumfa ya miƙe a kwance, ya ratsa filin, ya bi ta tsakanin kujerar amarya da ta babbar ƙawarta, daidai tsayin fuskar wanda ke zaune, ya je ya tsaya a bango. Tsakanin kujerun nan biyu bai fi tafin hannu ba. Kuma duk wanda ya taɓa zuwa biki ya san yadda amarya da ƙawarta ke haɗa kai in an ɗaga waya za a ɗauke su.

Matar yayana ta zauna a ƙasa inda take, da sabon leshinta. Auta ya kashe. Can ta tashi ta fita da kanta ta kira mijinta, abin da ba ta yi a gaban maza. Ya shigo fuska a ɗaure, Auta ya sake kunna masa. Ya bi zaren da ido daga rumfa har bango, ya dawo da idonsa kan kujerar 'yarsa. Bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne, ban kuma jira ba. Ya ce Allah ya tsare. Ya kai bakin zaure sannan ya waiwayo ya ce wa Auta, "Gyara ka kunna ma waɗanda sunka rage."

Gyaran bai ɗau lokaci ba, wannan kam mai kunne ya iya. Amma babu sauran mai makulli ko ɗaya, igiya kuma na wuyan tunkiya. Auta ya tsaya yana duban ginshiƙan biyu yana duban ƙofofin da mata ke leƙowa. Na ja kujera na ajiye a gindin ginshiƙi ɗaya, na ba filin baya, na fuskanci hanyar da za a iya zuwa wa madubin. Matar yayana ta ja tata ta zauna a gindin ɗayan. Muka ce ya kunna.

Na ji mata sun ja numfashi gaba ɗaya. Na ji guɗa, na ji tsofaffi na salati, na ji makiyayan gidan daga bayan katanga suna kiran junansu da Fillanci su zo su gani. Kore da ja na wucewa a kan fuskokin da ke gabana, bakuna a buɗe, kawuna a ɗage. Matar yayana ta kasa daurewa, ina ganinta ta wutsiyar ido tana waiwaye. Ni ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Idona na kan hannuwa, duk hannun da ya ɗaga sai na bi shi na ga inda za shi. Har aka kira Isha ya kashe, ban ga abin da aka gani ba. An ce ya yi kyau ƙwarai.

Da muka koma Bodinga Auta ya mayar wa mai shago masu kunnen nan duka, ya karɓo masu makulli. Yanzu ko madubin da ke kusa da hancinsa kulle shi yake yi, ya jefa makullin a aljihu, ya yarda ya ɓata lokacin. Yayana ya ɗan yi mana sanyi na wani lokaci, don mutanen Dingyadi sun riƙe abin suna tsokanarsa da shi a kasuwar shanu, daga baya ya huce. Amarya kuwa yanzu tana da goyo. Duk zuwan da za ta yi gidanmu sai ta tsaya a ƙofar ɗakin kayan Auta ta ce a sam mata goro daga akwati. Tana faɗi tana harararsa da idanunta biyu, ni kuma ina daga ƙofata ina kallon idanun.

Abin da ranar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ina faɗa wa duk mai sana'ar da ke shiga da kayansa cikin taro. In za ka zaɓi abin aiki, kada ka auna shi da hannunka kaɗai, don kai ka san abin da yake yi. Ka auna shi da hannun wanda zai zo bayan ka juya baya, mutumin kirki, mai hankali, wanda ba ya nufin kowa da sharri, yana da 'yar buƙatarsa ta daban, kuma zai rantse maka da gaskiyarsa cewa ya mayar da shi yadda yake. Abin da ya juyu maka da sauƙi, haka zai juyu masa.